Sabwufa: Yadda Rugugi Ya Shigo Situdiyon Cikin Gida



Da yawa daga cikinmu yanzu ba a takarda kaɗai muka tsaya ba. Wani yana rubuta wa mawaƙa baitoci, wata tana karanta littafinta ana ɗorawa a YouTube, wani kuma ya mayar da shagon ƙofar gida situdiyo: kwamfuta, makirfo da 'yan lasifika biyu. Da zarar ɗan kuɗi ya shigo, shawarar farko da abokai ke bayarwa ita ce, "Ka ƙaro wufa." Kafin mutum ya zuba kuɗin da ya daɗe yana tarawa, yana da kyau ya san daga ina akwatin nan ya fito, da matsalar da aka ƙera shi don ya warware.

Kunnen ɗan Adam yana jin sauti daga girgiza 20 a sakan ɗaya zuwa kusan 20,000, ma'aunin da ake rubutawa Hz. Aikin sabwufa can ƙasa yake, daga wajen 20 zuwa 100 ko sama kaɗan, inda sauti ke komawa rugugi. Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da tambari ranar hawan sallah ya san wurin: ƙirji ke fara ji kafin kunne.

Shekaru masu yawa masu ɗaukar waƙa gudun wannan yankin suke yi, saboda faifan garmaho. Kaurin sauti ne ke faɗaɗa layin da allura ke bi. In ya yi yawa sai ya cinye fili waƙa ta gajarta, ko allurar ta yi tsalle ta fita. Shi ya sa a 1954 kamfanonin faifai na Amurka suka tsaya a kan ƙa'ida ɗaya, ta RIAA: a rage kauri lokacin yanka faifai, na'urar saurare ta mayar da shi.

A 1964 wani mutumin Kalifoniya, Raymon Dones, ya samu takardar mallakar fasahar akwatin da aikinsa kawai fitar da ƙasan sauti. Amma labarin da ya fi shafar mai situdiyo ya faru ne wajen 1973, lokacin da Ken Kreisel ya ƙera wa injiniya Roger Nichols sabwufa don haɗa kundin ƙungiyar Steely Dan mai suna Pretzel Logic, wanda ya fito a 1974. Nichols ba burge kowa yake so ya yi ba. So yake ya ji abin da ke kan tef wanda lasifikansa suka kasa nuna masa. Ke nan a situdiyo, tun farko sikeli ne akwatin, ba kayan ado ba.

Su kuwa talakawa a silima suka fara haɗuwa da shi. A 1974 ɗin dai kamfanin Universal ya fitar da fim ɗin Earthquake da wani tsari mai suna Sensurround: manyan akwatuna na Cerwin-Vega da ke kaɗa kujeru duk lokacin da ƙasa ta girgiza a majigi. A wani gidan silima na Hollywood sai da aka ɗaura raga a sama saboda ɓarɓashin silin da ke zubowa.

A ganinmu, ba a yi wa Jamaika adalci in ana ba da wannan tarihi. Tun shekarun 1950 masu kiɗan titi a Kingston suke tara akwatuna kamar ginin bene, suna gasar wanda rugugin nasa zai fi janyo jama'a. King Tubby, wanda asalinsa mai gyaran rediyo ne, ya riƙa cire muryar mawaƙi ya bar ganga da bes tsirara, abin da ya zama kiɗan dub. Kamfanoni sun ƙera akwati, amma waɗannan ne suka koya wa duniya yunwarsa.

Sai kuma 1980, da kamfanin Roland na Japan ya fitar da injin ganga TR-808. Bai yi kasuwa ba, don an ce gangarsa ba ta kama da ta gaske, aka daina ƙera shi bayan guda kusan 12,000. Da ya yi araha a kasuwar kwance, matasa suka saye, suka gano dogon rugugin da ke cikinsa. A 1982 aka ji shi a waƙar Planet Rock ta Afrika Bambaataa, kuma a shekarar ce faifan CD ya shigo, wanda ba shi da allurar da za ta yi tsalle. A 1992 Dolby Digital ya iso silima da fim ɗin Batman Returns. Wancan ".1" da muke gani a 5.1, layin rugugi ne shi kaɗai.

Mu a nan hanyarmu daban ce. Kiɗan fim ɗin Hausa da ya bunƙasa a Kano a ƙarshen shekarun 1990 a kan fiyanon Yamaha aka gina shi, kuma a kaset da rediyo aka saurare shi. Murya da kalma ne a gaba, ƙasan sauti bai dami kowa ba. Zuwan FL Studio, da hip-hop, da kuma amapiano na Afirka ta Kudu da gangarsa mai nauyi, su suka sa yaron da ke aiki da lasifika mai inci biyar ya fara haɗa abin da ba ya ji. Irin waɗannan lasifikan a wajen 50 Hz suke sarewa, alhali tsirkiyar ƙasa ta jitar bes tana kan 41. A ɗaki waƙa ta yi daɗi, a gidan biki ta zama hayaniya.

To amma akwatin da aka yi wa silima, ya zai yi a shago mai faɗin mita uku? Sautin 40 Hz tsawonsa ya haura mita takwas da rabi. Bangon bulo ba ya shanye shi, mayar da shi yake yi. A ɗaki mai mita uku, sauti na wajen 57 Hz zai taru a jikin bango ya kumbura, a tsakiyar ɗakin kuma, inda galibi kujera take, ya kusan ɓacewa. Kwalin ƙwai da soson katifa da ake mannawa ba sa taɓa wannan yankin ko kaɗan. Ƙarar sama suke ɗan ragewa. Maƙwabci kuwa yana jin komai, don rugugi ne ya fi ratsa gini.

Masu aikin sun daɗe da dabararsu. A raba aiki a wajen 80 Hz, ƙasa na sabwufa, sama na ƙananan lasifika. A ɗora akwatin a kan kujerar da ake zama, a kunna waƙar da aka sani sosai, a rarrafa gefen bango har a samu inda kaurin ya fito daidai, sai a ajiye shi nan. A rage ƙarfinsa har kunne ya daina gane daga ina yake fitowa.

Bayan duk wannan, mafi yawan masu saurarenmu a waya za su ji waƙar, kuma lasifikar waya ba ta kai ko kusa da wannan yanki. Abin da masu haɗa kiɗa ke yi shi ne su ɗan ƙara wa bes kaushi, ya haifar da 'ya'yan sauti a sama waɗanda waya ke iya fitarwa, kunne kuma da kansa ya cike ƙasan da babu.