Shan taba tsakanin ma'aikatan lafiya da ɗalibansu

Ma'aikacin lafiya ya fi kowa sanin ɓarnar da taba ke yi wa jiki. Shi ke sauraren ƙirjin mai tarin fuka, shi ke auna hawan jini. Duk da haka a cikinsu akwai masu shan sigari. Dalili kuwa, a cikin ganyen taba akwai wani sinadari da ake kira nikotin, wanda ke isa ƙwaƙwalwa cikin daƙiƙoƙi kaɗan bayan an zuƙi hayaƙi. Idan jiki ya saba da shi, yakan nemi ƙari, ko mutum ya san illarsa ko bai sani ba.

Yawancin masu shan taba tun suna samari suke farawa. Ɗalibin makarantar lafiya na iya karɓar kara na farko daga hannun aboki a fada, ana shan shayi, ko a daren karatun jarrabawa. Idan ya kama aiki sai ga kwanan asibiti, ga gajiya. A Birnin Ƙwanni da Malbaza da Illela ana samun sigari kara-kara a teburan bakin hanya, shi ya sa mutum ba ya ganin yawan kuɗin da yake kashewa. Shisha da taba gari da ake haɗawa da kanwa su ma suna da nikotin.

Abin lura, a kan likitoci aka yi ɗaya daga cikin manyan binciken da suka tona asirin taba. A shekarar 1951 wasu masana biyu a Ingila, Richard Doll da Bradford Hill, suka fara bin lafiyar dubban likitocin ƙasar. An shafe shekara 50 ana bin su. Sakamakon da ya fito a 2004 ya nuna cewa mai shan sigari yakan rasa kimanin shekara 10 na rayuwarsa. Wanda ya bari yana ɗan shekara 30 yakan tsira da kusan dukkansu. Wanda ya bari yana da 50 yakan tsira da 6, mai 60 kuma da 3.

Nijar ta amince da yarjejeniyar yaƙi da taba ta Hukumar Lafiya ta Duniya a 2005. A ranar 15 ga Mayu 2006 aka kafa dokar da ta hana shan taba a wuraren jama'a, har da asibitoci da makarantu. Dokar ta hau kan babban asibiti irin na Galmi, wanda ke aiki tun 1950, kamar yadda ta hau kan ƙaramin ɗakin shan magani na ƙauye. Hayaƙin yana cutar da jarirai da mata masu ciki da ke zaman jira. Kuma da wuya majinyaci ya ɗauki gargaɗin wanda yake jin warin taba a rigarsa.

Mai son bari ya sa rana, ya sanar da iyalinsa da abokan aikinsa. Watan azumi lokaci ne mai kyau, tunda jiki ya riga ya koyi haƙuri da rana. Ya fitar da sigari da ashana daga aljihu da ɗakin kwana. Makon farko ya fi wuya: akwai saurin fushi, da ciwon kai, da rashin barci, amma sukan ragu cikin mako 2 zuwa 4. Idan sha'awa ta taso, mintoci kaɗan take yi ta wuce. Sai a sha ruwa, a tauna asuwaki, ko a ɗan zaga. Akwai cingam da abin mannawa a fata masu ɗauke da nikotin da ke rage wahalar, sai a tambayi likita ko za a same su. Wanda ya koma sha bayan ya bari, ya duba abin da ya ja shi, ya sake sa wata rana. Mutane da yawa sai sun gwada sau da dama kafin su rabu da ita.