Daga Wasiƙar Direba Zuwa Ƙarar Alat: Yadda Waya Ta Iso Fagam

Akasarin mutanen Fagam da ƙauyukan da ke kewaye da ita, can kudancin Jigawa daf da iyakar Bauchi, ba su taɓa kanga wayar girke a kunne ba. Zamanin igiya da turakun tangaraho ya zo Nijeriya, ya yi shekara ɗari da ɗoriya, ya tsufa ya mutu, bai biyo ta gidajen talakawan ƙasar Gwaram ba. Wayar farko da suka riƙe ta hannu ce. Shi ya sa tarihin sadarwa a wannan yanki ya sha bamban da wanda ake ba da labarinsa a Legas ko a Kano.

Kafin nan saƙo da ƙafa yake tafiya. Umarni ya taso daga En'e ta Kano ya sauka wurin hakimi, hakimi ya aika wa dagaci, dagaci ya kira mai unguwa, daga nan sankira ya zaga gari da shela. Saƙon talaka kuwa sai ya jira ranar kasuwa. A samu ɗan makaranta ya rubuta da boko, ko malamin zaure ya rubuta da ajami, a ninke takarda a ba direban da ke jigilar Kano, tare da roƙon Allah ya sa kada ya manta da ita a gaban mota. Da kaset ya yawaita, sai iyalai suka koma taruwa gaban rakoda, kowa ya yi gaisuwarsa ya faɗi buƙatarsa, a ba wani ɗan ci-rani ya kai wa ɗan'uwa a Kurmi, ko maniyyaci ya tafi da shi Makka. Masu son a ji sunansu kuma suna da filin zaɓi-sonka na Rediyon Kaduna. Duk wanda ya manyanta a yankin ya san yadda mutum kan ji rasuwar mahaifinsa bayan an yi sadakar bakwai.

Ba don babu waya a ƙasar ba ne. Tun 1886 aka haɗa Legas da Landan da igiyar tangaraho ta ƙarƙashin teku, kuma da Turawa suka ci Arewa sun ja layuka zuwa manyan garuruwan larduna. Amma don mulki aka ja su, don Razdan ya ji daga Gwamna. Ranar da aka samu 'yancin kai a 1960, layukan tarho 18,724 ne a duk faɗin Nijeriya. An kafa kamfanin waya na gwamnati, NITEL, a 1985, an kafa hukumar kula da sadarwa ta NCC a 1992, amma har zuwa 2000 layukan da ke aiki ba su wuce kimanin 400,000 ba, a ƙasar da ta haura mutum miliyan 120. A tsakanin nan aka yanke Jigawa daga Kano, ranar 27 ga Agustan 1991. Sabuwar jiha ce ta manoma da makiyaya, wadda ita kanta hedikwatarta Dutse ke fafutukar samun layi, balle a yi zancen Sara ko Fagam.

Abin da ya juya al'amarin gwanjo ne da NCC ta yi a Abuja cikin Janairun 2001, a zamanin Shugaba Obasanjo, lokacin Injiniya Ernest Ndukwe ke riƙe da hukumar. An sayar da lasisin GSM kan dala miliyan 285 kowanne. Econet da MTN suka fara aiki a watan Agustan wannan shekara. Sai dai wayar da suka kawo ta masu hali ce. Layi kaɗai yakan kai naira dubu ashirin ko fiye, kira kuma naira 50 a minti, ko daƙiƙa biyar ka yi sai an caje ka kuɗin minti cur. Sabis ɗin ma a manyan birane yake. Attajirai da 'yan siyasar da ke shiga karkara a lokacin Thuraya suke riƙewa, mai magana kai tsaye da tauraron ɗan'adam, wadda kuɗin kiranta na yini ya isa ya ciyar da gida na mako.

A nan ya kamata a yi wa Jigawa adalci. Gwamna Ibrahim Saminu Turaki, wanda ya mulki jihar daga 1999 zuwa 2007, ya rungumi fasahar sadarwa tun ana yi masa dariya. Ya kafa kamfanin Galaxy a Dutse da cibiyar koyar da ilimin kwamfuta a Kazaure, lokacin da mutane ke cewa wanda bai samu ruwan famfo ba me zai yi da intanet. Masu sukar ba su rasa hujja ba, domin abin bai sauko ƙauye ba. Amma matasan da aka horar a Kazaure sun ci moriya, kuma shekara ashirin bayan nan babu mai sake yin waccan dariyar.

Wanda ya buɗe wa talaka ƙofa shi ne Globacom na Mike Adenuga, da ya shigo a Agustan 2003 da lissafin daƙiƙa. Kamfanonin da suka riga shi, waɗanda suka sha cewa hakan ba zai yiwu da wuri ba, nan take suka bi sahu. Farashin layi ya riƙa faɗuwa har ya dawo 'yan ɗaruruwa. Econet ta yi ta sauya suna, ta zama Vmobile, ta zama Celtel a 2006, Zain a 2008, Airtel a 2010. Etisalat ta zo a 2008 da lambarta 0809, daga baya ta koma 9mobile. A tashoshin mota aka ga sabuwar sana'a: lema, teburi, kujerar roba, waya ɗaya da agogo, ka yi kira ka biya. Filashin ya zama yare mai zaman kansa. Ƙara ɗaya na nufin na iso lafiya, biyu na nufin kira ni, ba ni da kati.

To amma arha daban, samuwa daban. Kamfani ba ya kafa turken sabis sai ya yi lissafi: mutum nawa ne a wurin, katin nawa za su sa a wata, akwai hanyar da motar gas za ta bi ta kai wa janareto mai? A irin wannan lissafi, gari kamar Birnin Kudu, mai babban asibitin tarayya da makarantu da ma'aikata da kwalta, shi ke fara samu. Ƙaramar hukumar Gwaram, inda Fagam take, tana da mutum fiye da 270,000 a ƙidayar 2006, amma a warwatse suke cikin ƙauyuka da rugage, ga duwatsu da ke tare sabis. Saboda haka sabis ya bi kwalta, daga baya ya riƙa tsiyaya cikin lungu. Kowane ƙauye ya san wurinsa: kan wani tudu, gindin wata kuka, kusurwar katangar firamare. Sai ka ga magidanci ya ɗaga waya sama yana juyawa a hankali, da ya ga sanda ɗaya ta fito sai ya daskare a wurin, ba ya ko motsa wuya har ya gama magana. Dokar sadarwa ta 2003 ta tanadi asusu na musamman, USPF, don tallafa wa kafa turaku a wuraren da kamfanoni ba sa ganin riba. Asusun ya yi aiki, amma giɓin ya fi ƙarfin abin da aka zuba.

Wayoyin da suka ci kasuwa a nan ma labari ne. Nokia mai tocila ta samu karɓuwa don batirinta na kwanaki, kuma tana haska hanya. Daga baya kamfanin Transsion na ƙasar Sin, mai Tecno da itel, ya gane abin da manyan kamfanonin Turai suka kasa ganewa: mutumin da layi ɗaya ke kama masa a gida, wani kuma a gona, waya mai layi biyu yake so, mai ƙarar lasifika da rediyo a ciki. Daga kasuwar Farm Centre da titin Beirut a Kano ake saro su, su bazu kasuwannin mako. Rashin wutar lantarki kuma ya haifi mai caji. Rumfarsa katako ne da aka jera wa soket talatin ko arba'in, kowace waya an manna mata lamba, an ba mai ita rabin takardar. Da ƙaramin janareto aka fara, yanzu faifan sola ya karɓe aikin a wurare da yawa.

A kasuwa aka fi ganin amfanin abin. Da, manomin riɗi ko gyaɗa yakan kai kaya kasuwar Sara ya karɓi farashin da dillali ya yanka masa, don bai san abin da ake ciki a kasuwar Dawanau ta Kano ba. Yanzu kafin ya ɗaure buhu ya buga ya ji. Wata masaniyar tattalin arziki 'yar Amurka, Jenny Aker, ta bibiyi kasuwannin hatsi na Jamhuriyar Nijar daga 2001 zuwa 2006, ta gano cewa zuwan wayar hannu ya rage bambancin farashi tsakanin kasuwa da kasuwa da kashi 10 zuwa 16 cikin ɗari. Fataken gero na can da na nan sana'arsu ɗaya. Gwamnatin tarayya ma ta gwada hanyar a 2012, lokacin da Akinwumi Adesina ke ministan noma, ta riƙa tura wa manoma saƙon tes na karɓar takin tallafi. Tsarin ya rage wawason 'yan tsakiya, ya kuma fallasa wata matsala: manomin da ba ya karatu, ko wanda sabis bai kai ƙauyensa ba, sai an nemo shi an gaya masa.

Wannan matsala ta karatu ita ce ta sa intanet ya shigo yankin ta bayan gida. An ba da lasisin 3G a 2007, manyan igiyoyin teku na Main One da Glo-1 da suka sauka Legas suka fara aiki a 2010, manyan kamfanonin waya suka fara 4G a 2016. Amma tun kafin data ta yi arha, matasan karkara sun ƙirƙiro nasu intanet: memori da Bluetooth. Ka je wurin mai tura fim ka ba shi naira kaɗan, ya cika maka memori da fina-finan Kannywood, fassarar Indiya, tafsirin azumi da waƙoƙi. Wannan ne ya karya kasuwar faifan bidiyo ta Kano. Da WhatsApp ya zo da saƙon murya, sai tsohuwar da ba ta san bihim ba ta danna ta yi wa jikanta da ke Fatakwal faɗa na minti huɗu. Kaset ɗin da ne ya dawo, sai dai yanzu ba ya jiran direba. Ta wannan ƙofa kuma jita-jita da damfara suka shigo, daga mai cewa ka ci kyauta ka turo lambar sirri, zuwa muryar da ba a san mai ita ba tana yaɗa labarin maganin da babu shi.

Hukuma ba ta bar layi sakaka ba. An fara rajista a 2011. A 2015 NCC ta ci tarar MTN naira tiriliyan 1.04 saboda layuka miliyan 5.1 marasa rajista, daga baya aka sasanta kan biliyan 330. A Disambar 2020, zamanin Minista Isa Ali Pantami, aka ce kowa ya haɗa layinsa da lambar NIN. A birni wannan bin layi ne kawai. Ga mutumin ƙauye kuwa kuɗin mota ne da asarar yinin gona, wani lokaci a ce masa sabis ya ɗauke, ya dawo gobe.

Sai farkon 2023, lokacin canjin kuɗi. Takardar naira ta ɓace, kasuwannin ƙauye suka tsaya cik, masu dabbobi suka karyar da farashi ga duk mai tsabar kuɗi. A 'yan makonnin nan mutanen da suka yi shekaru suna gudun banki suka buɗe asusu a OPay da Moniepoint da PalmPay. Mai POS ya zama bankin unguwa. Yau za ka ga mai awon masara ya riƙe bakin buhu, idonsa na kan ƙaramar wayarsa, ba zai saki ba sai ya ji ƙarar alat. Daga ranar, ɗaukewar sabis ta daina zama rashin hira, ta zama tsayawar ciniki.

Yanzu zancen da ke bakin masana 5G ne da tauraron ɗan'adam. MTN da Mafab sun biya dala miliyan 273.6 kowanne a gwanjon Disambar 2021, MTN ta fara a 2022, Airtel ta biyo a 2023. A Janairun 2023 Nijeriya ta zama ƙasar farko a Afirka da Starlink na Elon Musk ya fara aiki. Amma alƙaluman NCC na farkon 2025 sun nuna masu 5G ba su kai kashi 3 cikin ɗari ba, yayin da kimanin kashi 40 ke kan 2G a lokacin. Zangon 5G gajere ne, yana buƙatar turaku kusa da kusa da wayar da ta fi ƙarfin manomi. Kayan Starlink kuwa dubban ɗaruruwan naira ne, ga kuɗin wata, don haka sai dai asibiti ko makaranta ko mai shagon da zai raba wa jama'a. A Janairun 2025 ne kuma NCC ta amince a ƙara kuɗin kira da data har kashi 50, saƙon tes ya tashi daga naira 4 zuwa 6.

Ni a ganina, cikin sababbin abubuwan nan, wanda zai taɓa rayuwar Fagam ba shi ne mai yawan talla ba. Ƙaramin turke ne mai aiki da sola wanda ba ya jiran motar gas, da igiyar fayiba da za ta biyo hanyar Birnin Kudu zuwa Gwaram, da babbar waya ta 4G mai araha ko wadda ake biya kaɗan-kaɗan. Gwamnatin tarayya, ta bakin Minista Bosun Tijani, ta yi alkawarin shimfiɗa fayiba mai tsawon kilomita 90,000 da kafa turaku kimanin 7,000 a karkara.  Ɗan majalisar jiha mai wakiltar Fagam, da na tarayya na Gwaram da na Birnin Kudu da Buji, tare da hakimai da dagatai, su tattara sunayen ƙauyukan da har yau ake hawa tudu kafin a yi kira, su kai wa NCC da USPF a rubuce tun da wuri.