Abokin burmi a tarihin sarakunan Damagaram

Manufar wannan maƙala ita ce mu duba wata dabara ta masu ba da labari, mu ga yadda ta shiga cikin tarihin Damagaram. Dabarar kuwa ita ce a ajiye wani mutum kusa da tauraron labari don halin tauraron ya ƙara fitowa fili. Faransawa suna ce wa irin wannan mutum faire-valoir ko repoussoir. Da farko mun so mu kira shi kishiya, tunda da kalmar nan ce manazarta harshe suke nuna kalmomi masu saɓanin ma'ana, sai muka ga kishiya tana ɗauke da gaba, alhali ba dole ba ne wanda muke nufi ya zama maƙiyi. Saboda haka muka zaɓi abokin burmi: ƙwarya ce aka kife kan ƙwarya, da ɗaya ake gane faɗin ɗaya.

Bahaushe ya san dabarar tun a tatsuniya. Haƙurin ƴar bora ba ya fitowa sai an aiki ƴar mowa wurin da aka aike ta, ta yi rashin kunya. Haka Gizo da Ƙoƙi. Da rubutun boko ya zo, Abubakar Imam ya ɗauke ta cikin Ruwan Bagaja (1934), inda Alhaji Imam da Malam Zurƙe suke ta ramuwar gayya. Abin da ya ja hankalinmu shi ne, tsofaffin da muka saurara a Droum, cikin yankin Mirya, da wannan ma'auni suke jera sarakuna: biyu-biyu, ɗaya na haska ɗaya.

Misali na farko shi ne ƴaƴan Sarki Suleman, wato Ibrahim da Tanimun. Sun yi shekaru suna ja-in-ja kan gadon sarauta, Shehun Borno yana sa hannu, har Tanimun ya zauna daram daga wajen 1851 zuwa 1884. Shi ya kewaye birni da ganuwa, ya sa aka ƙera igwa, ya ƙarfafa fatauci da Tarabulus. André Salifou, ɗan Damagaram da ya rubuta tarihin daular a 1971, sunan Tanimun ya sa wa wasan kwaikwayonsa. To, Ibrahim fa? Ya yi sarauta fiye da shekara 25, kuma shi ne James Richardson ya tarar a fada a watan Janairu na 1851, garin na cike da fatake. Ke nan kasuwar da ake yaba wa Tanimun ba daga sama ta faɗo ba. Amma a bakin masu ba da labari Ibrahim ya zama inuwa kawai, wanda ake ambata don a nuna girman ƙanensa.

Misali na biyu ya fi sarƙaƙiya, don mutum ɗaya ne ya tsaya a gurbi biyu. A watan Mayu na 1898 aka kashe Kyaftin Cazemajou a Damagaram, zamanin Amadu Kuran Daga. A ƙarshen Yuli na 1899 sojan Faransa suka ci rundunarsa a Tirmini, ya fita daga birni, aka bi shi aka kashe. Faransawa suka naɗa Amadu ɗan Basa. In an tsaya nan, rabon aiki ya fito sarai: Kuran Daga sarkin da ya ƙi Nasara, ɗan Basa sarkin da Nasara suka ɗora. Suna ɗaya, gida ɗaya, sai dai ƙarshe daban. Mai tatsuniya ba ya neman abin da ya fi wannan.

Sai ga 1906. Faransawa suka ce sun gano shirin tawaye, suka tuɓe ɗan Basa, suka kai shi Kodibuwa tare da attajiri Malam Yaro da tafinta Ali Diallo. Riƙon gari ya koma hannun Bellama, bawan fada, kuma ba a sake naɗa sarki ba sai 1923, da aka ɗora Barma Mustafa. Daga nan ɗan Basa ya tashi daga abokin burmin Kuran Daga ya koma tauraro, Bellama kuma ya gaji gurbin da ya bari. Kan wannan al'amari ne Mahamane Bakabé ya yi fim ɗinsa Si les cavaliers a 1982, lokacin da ƙasa take neman gwarzayen da suka ja da mulkin mallaka.

A nan ne muke ganin ya kamata manazarci ya yi taka-tsantsan. Yawancin abin da aka rubuta kan 1906 ya fito ne daga takardun binciken da sojan Faransa suka yi, ta bakin tafintoci, kowane mai shaida kuma yana da abin da yake nema a fada. Camille Lefebvre ta sake bin takardun a wata maƙala ta 2017, ta mai da hankali kan yadda aka gina zargin kansa. In muka karɓi Bellama a matsayin maci amana kurum, mun rufe ido ga tambayar da ta fi amfani: wane irin iko bayin sarki suke da shi a fadar Damagaram, har baƙo ya ga da ɗayansu zai iya riƙe gari ba tare da sarki ba? Amsar tana cikin tsarin da Tanimun ya ƙarfafa, na jingina mulki ga bayi don a rage ƙarfin ƴaƴan sarki, kuma a kan wannan tsari ne ya kamata a sake yi wa tsofaffin Droum da na Birni tambaya.