Direban Jirgin Ƙasa a Cikin Iskokin Hauka

A 1929 layin dogo da ya taso daga Zariya ya isa Ƙaura Namoda, ya tsaya. Bai kai Sakkwato ba, balle Illela da ke bakin iyaka daura da Birnin Ƙonni. Nijar kuwa Faransai ba su shimfiɗa mata ko taku guda ba. Saboda haka ga mutanen wannan yanki jirgin ƙasa abu ne da sai an yi ƙaura ake gani. Ɗan cin rani da ya bi ta Illela sai ya wuce Sakkwato, ya kai Gusau, kafin ya ji kukansa.

Wannan ne mabuɗin fahimtar wani fim na tarihi da Bafaranshe Jean Rouch ya ɗauka a 1954, mai suna Les Maîtres fous, watau mahaukatan iyayengiji. Ya ɗauke shi ne a wajen birnin Ankara ta Gwalkwas, Gana ta yau, a tsakanin leburori 'yan Nijar mabiya Hauka. Ita Hauka wani reshe ne na bori da ya ɓulla wajen 1925 a ƙasar Filinge, ya bazu zuwa Dogon Dutsi, yamma da Ƙonni, inda ake ce masa Babule. Iskokinsa ba na daji ba ne, na mulkin mallaka ne: Gwamna, Janar, Kofur, Kumandan Mugu. A cikinsu har da direban jirgin ƙasa, wanda in ya hau mutum sai ya yi ta kai da komowa kamar kan jirgi.

Abin lura shi ne matsayin da aka ba shi. Ma'aikacin reluwe talaka ne mai albashi, amma mutanen da ƙasarsu ba ta da dogo sun jera shi da gwamna, domin a idonsu inji da sarautar Nasara abu guda ne.

Fim ɗin ya sha suka. Ɗalibai 'yan Afirka a Faris sun ga cin mutunci ne, Ingilishi suka hana nuna shi a Gwalkwas. Sukar tana da hujja, sai dai ta kauce wa wannan batu. Shekara 3 bayan ɗaukarsa, a 1957, mulkin gwamnan da ake kwaikwayo ya ƙare, Gana ta sami mulkin kai.

Dogon da aka ƙaddamar a 2021 don haɗa Kano da Maraɗi ta Jibiya aka tsara ya bi, ba ta Illela ba.