Shagon Kawu na Bakin Titin Abaji

A ƙarƙashin teburin shagon kawuna akwai wata tsohuwar adakar ƙarfe da ba ya bari kowa ya taɓa. Ranar da na zo hutu na gaya masa an ba mu aikin rubuta tarihin shigowar kwamfuta ƙasar nan, sai ya yi dariya, ya jawo ta da ƙafa, ya ce, "Ɗana, ba sai ka je laburare ba. Buɗe nan." Na buɗe. Kaset ne guda uku, da agogon ƙirga minti da igiyarsa ta tsinke, da Nokia 3310, da damin katunan waya kankararru an ɗaure su da kyauro, da faifan flopi, sai tarin ƙananan memori a cikin gwangwanin madara.

Ga wanda bai san Abaji ba, ita ce babban gari na ƙarshe a yankin Babban Birnin Tarayya in ka miƙi titin Lokoja, bayan Gwagwalada da Kwali. Gaba kaɗan ka faɗa Jihar Kogi, ka nufi Koton Karfe da gadar Murtala. Kafin 1976, lokacin da aka yanka yankin Abuja, ƙasar Abaji tana cikin tsohuwar Jihar Kwara. Ona ake ce wa sarkin garin, kuma shi ne shugaban majalisar sarakunan birnin tarayya. Akwai Egbura, akwai Ganagana da Bassa da Gwari, akwai mu Hausawa da fatauci ya kawo kakanninmu. Arzikin garin kuwa titin nan ne. Tirelolin shanu da hatsi masu gangarawa Kudu a nan suke yada zango, direba ya ci abinci, ya yi salla, ya miƙe. Duk wata sabuwar na'ura da ta shigo Abaji, ta bakin titin nan ta shigo, ba ta ƙofar makaranta ba.

Asalin Kawu mai gyaran rediyo ne, a Kano ya koya. Kaset ɗin nan uku kakata ce ta aika masa da su yana can. A lokacin duk Najeriya layukan wayar NITEL ba su kai rabin miliyan ba, ga al'umma sama da miliyan ɗari, kuma yawancin layukan suna ofisoshi da gidajen manya. Talaka in yana da magana da nasa na nesa, ko ya sa a rubuta masa wasiƙa, ko ya zauna gaban rikoda ya amayar da abin da ke cikinsa, ya ba direba kaset. Kakata ta fi son kaset, don a cewarta takarda ba ta iya faɗa. Mun ari rikodar maƙwabci muka saurari ɗaya. Sai da ta gaida mutum goma sha ɗaya da sunayensu, ta tambayi lafiyar maigidan da ke koya masa aiki, sannan ta sauya murya ta shiga maganar aure.

A watan Janairun 2001 hukumar sadarwa ta NCC, ƙarƙashin Injiniya Ernest Ndukwe, ta yi gwanjon lasisin GSM, kowanne a kan dala miliyan 285. A watan Agusta Econet da MTN suka fara aiki. A shekarar aka haife ni, shi ya sa a gida ake tsokanata wai ni da salula sa'anni ne. Layi kaɗai a lokacin yana kaiwa naira dubu 20, alhali mafi ƙarancin albashin ma'aikacin jiha naira 5,500 ne. Kira kuma naira 50 a minti. Waye zai saya? Da sabis ya biyo titi ya iso garinmu, Kawu ya sayar da babur ɗinsa, ya sayi waya ɗaya da layi ɗaya, ya kafa laima da teburin roba a gaban shagon rediyon.

A nan agogon ya shigo labari. Kamfani na caji da minti ne, ko da daƙiƙa biyu ka haura an ci ka minti guda cif. Don haka mai kira idonsa na kan agogo, Kawu ma idonsa na kan agogo, kuma ya ce babu ranar Allah da ba a yi musu ba. Direba zai kira maigidansa a Kano ya ce taya ta fashe, ya tsallake gaisuwa, ya katse a daƙiƙa 58 yana haki kamar wanda ya yi tsere. Kawu ya rantse cewa laima ce ta fara koya wa Bahaushe taƙaita gaisuwa. Sai a 2003 da Glo ta zo da caji da daƙiƙa, sauran suka bi, rigimar ta lafa. Wayar kuma ba ta kira ba ce kawai. Mutane kan bar lambarsa a wurin 'yan'uwansu, a bugo a ce a kira mana wance, ya tura yaro cikin gari da gudu. Ta haka ya san wanda ake bi bashi da wadda aurenta ke rawa, kuma har yau ban taɓa jin ya fitar da ko ɗaya ba.

Araha ce ta kashe laimar. Layi ya faɗi ƙasa warwas, wayoyin Caina masu layi biyu da lasifika kamar ta masallaci suka cika kasuwa, kowa ya samu tasa. Kawu ya naɗe laima ya sayo tsofaffin kwamfutoci biyu da firinta. Bai taɓa kai shagon ga irin manyan shagunan intanet na Wuse a Abuja ba, inda samari ke kwana suna lilo. Nasa na buga takarda ne, da duba sakamakon WAEC da katin kankara, da buɗe wa mai neman aiki imel ɗin da zai manta kalmar sirrinsa kafin mako ya zagayo. A kan ɗaya daga cikin kwamfutocin nan na fara taɓa kibod ina ɗan firamare, ina buga sunana ina gogewa.

A 2015 JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta. Ban manta ba, yara daga Yaba da Pandagi da ƙauyukan gefe suka riƙa zuwa shagon don yin rajista da koyon kwamfuta, waɗansu sun girme ni da shekara biyar, ba su taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba. Wani ya ɗaga shi sama yana nuna gilashi da shi kamar rimot. Ni nake zaunar da su in kama hannunsu. Daga 2017 aka taƙaita rajistar ga cibiyoyin da hukumar ta amince da su, wannan cinikin ma ya tafi.

Abin da ya riƙe shagon tsawon shekaru shi ne caji da turi, sana'ar da ban taɓa ganin an sa ta a littafi ba. Wani faffaɗan katako ne aka kafe a bango, an jera masa soket kusan sittin, wayar wuta na bi ta baya zuwa ƙaramin janareta. Kowace waya aka kawo sai a manna mata salatif a rubuta lamba, a ba mai ita ɗan kwali mai lambar. Babu kwali, babu waya, ko kai limami ne. Ranar kasuwa katakon kan cika har a jera wasu a ƙasa. A gefe kuma mai turi na zaune da kwamfuta, ka ba shi memori ya loda maka finafinan Hausa, da fassarar Indiya, da karatun Ramadan. Ni na riƙe wannan kujerar. A nan na san bambancin memori na gaske da na jabu, wanda zai nuna maka giga 32 amma ya haɗiye duk abin da ya wuce giga biyu.

Da wannan na shiga jami'a karatun kimiyyar kwamfuta a 2019, ina ganin na fi kowa. Zangon farko ya sauke mini girman kai. Lissafi ne tsagwaronsa, da kimiyyar lantarki, da tsarin tunani bi da bi. Na gane cewa iya tura fim daban, sanin yadda na'ura ke ajiye shi daban, kuma ina godiya da hakan. Abin da har yau ban haɗiye ba shi ne rubuta manhaja da biro. A jami'ar da nake, mun yi zango guda a kan Fortran, yaren da aka ƙirƙira a IBM tun 1957, muka rubuta jarrabawarsa a takarda. A wani kwas an rage mini maki saboda na manta waƙafi mai ruwa guda ɗaya, kuskuren da kwamfuta za ta nuna mini cikin ƙiftawar ido da an bar ni na zauna gabanta. Ɗakin kwamfutocin yana nan, amma yau babu wuta, gobe mai makulli ya yi tafiya. Python a wayata na koya, da datar tsakar dare mai araha, yawanci a cikin yajin aikin malaman jami'o'i na 2022 da ya ɗauki wata takwas.

Abokan karatuna suna ta jayayya a kan iPhone da Samsung, ni kuwa ma'aunina na katakon Kawu ne. Kwana nawa batirin zai yi? In gilashin ya fashe, za a samu nasa a kasuwar Banex ta Abuja a dawo da shi ranar, ko sai an jira? Shi ya sa nake ganin Tecno da Itel ba a banza suka mamaye hannun jama'a ba. Sun lura cewa muna riƙe layi biyu saboda sabis ba shi da tabbas, sun lura wuta ba ta zama, suka yi waya a kan haka. Wayar da aka liƙe batirinta da gam, aka hana mai gyara na bakin titi buɗe ta, komai kyanta ba a yi ta don Abaji ba. Manomi da ya zo da 'yar raka-ni-kashi mai tocila, wadda ke yin kwana biyar da caji ɗaya, bai yi asarar kuɗinsa ba. Kuma abin da ya fi karɓuwa a cikin duk fasahar nan, in ka tambaye ni, saƙon murya ne na WhatsApp. Mahaifiyata kan turo mini na minti bakwai, ta gaida abokan ɗakina ɗaya bayan ɗaya kafin ta zo kan magana. Kaset ɗin kakata ne ya dawo, direba kawai aka cire.

Yanzu rabin shagon POS ne, tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 da ya sa mutane kwana a layin banki. Faranti mai amfani da hasken rana ya maye gurbin janareta. Ni kuma aikina na kammala digiri a kan katakon cajin na yi shi, wata 'yar manhaja da ke rubuta lambar waya, da mai ita, da lokacin da aka kawo ta. Da na nuna wa Kawu, tambaya ɗaya ya yi: "In babu sabis fa?" Na ce tana aiki haka nan. Ya jinjina kai, ya sa na ɗora masa ita a waya, ya yi mako biyu yana gwadawa. Tana nan yana amfani da ita, amma salatif da ɗan kwalin ma suna nan, bai daina ba.