Kalmar Tafinta a Ƙasar Yawuri

Hausa tana da kalmomi biyu na juya magana daga wani harshe zuwa wani. Fassara daga Larabci ta fito, ɗan'uwanta shi ne tafsiri, mazauninta kuwa littafi da zauren malamai. Tafinta kuma ta zo ne tare da Turawa, Hausawa suka lanƙwasa ta daga Ingilishi. Ba takarda ta ke nufi ba, mutum ne mai tsayawa tsakanin mutum biyu da ba su jin harshen juna, a fada ko gaban alƙali ko kasuwa.

Kalmar baƙuwa ce, amma aikin ya daɗe a Yawuri, domin ƙasa ce ta harsuna da yawa: ga Gungawa mazauna tsibiran Kwara, ga Kambari wajen Ngaski, ga Shangawa da Dukkawa, ga Hausawa masu sarauta da fatauci.

Labarin Mungo Park ya isa misali. Da jirginsa ya iso Yawuri wajen farkon 1806, sai jagoransa mai yi masa magana da mutane, Amadi Fatuma, ya sauka, don nan alkawarinsu ya ƙare. Bisa ga abin da shi Amadi ya faɗa a 1810, kyautar da Park ya bari a kai wa Sarki ba ta isa ba, aka ce Turawa sun wuce ba gaisuwa. Sarki ya husata, ya sa aka ɗaure Amadi, Park kuwa ya halaka a duwatsun Busa, ba mai bakin da zai yi masa bayani. Watau tafinta ba kalmomi kaɗai ya ke ɗauka ba, har da amana.

Da aka gama madatsar Kainji a 1968, ruwa ya cinye tsibirai da yawa, aka tashi Gungawa zuwa sababbin garuruwa a gaɓa. Cuɗanya ta ƙaru, Hausa ta ƙara zama harshen kowa, har yawancin Shangawa ita su ke yi. Bukatar tafinta ta ragu, amma fa a bakin harsunan nan ne. Saboda haka ya kamata malamai su rubuta su tun masu jinsu suna da rai, kada a wayi gari ba abin da ya rage a fassara.