Daga Madugu Zuwa Tauraron Ɗan'adam

A zamanin da, fatake masu zuwa Gwanja sayen goro sukan ratsa ƙasar Kabi, su yada zango a Jega, kana su ƙetare Kwara. Madugu ne shugaban ayari, jagaba kuwa yana gaba yana duba hanya. Attajirin da ya zauna gida ba ya samun labarin jakunansa sai bayan watanni. Ko 'yan fashi sun tare su, sai dai ya ji daga baya.

Da motoci suka zo, tafiya ta yi sauri, amma zullumi bai gushe ba. Wanda ya yi lodin shinkafa a Gulma ko Argungu zuwa Ikko bai san inda direba ya kwana ba.

Maganin wannan daga Amurka ya fito. A 1973 sojojinta suka soma shirin da ake kira GPS. Suka harba tauraron farko a 1978, aikin ya kammala a 1995 da taurari 24, suna kewaya duniya sau biyu kullum, wajen kilomita 20,000 a sama. Da fari an rage wa farar hula daidaitonsa da gangan, sai a 2000 aka daina.

Ga yadda abin yake. Tauraron ba ya ganin mota. Kowanne yana ɗauke da agogo mai matuƙar daidaito, yana ta aiko da saƙo mai faɗin inda yake da lokacin da ya aiko. Wata 'yar na'ura a jikin mota ta auna daɗewar saƙon a hanya, ta san nisan tauraron. In ta ji daga huɗu, sai ta lissafa inda take, ta sanar da mai motar ta layin wayar salula na GSM, wanda ya soma aiki a Nijeriya a 2001. Inda layi bai kai ba, takan ajiye labarin har ta samu.

Saboda haka mai motoci yana zaune a Birnin Kebbi ya ga wadda ta tsaya, da wadda ke mugun gudu, da wadda ta kauce hanya. In an sace, a bi sawu. In ta lalace a daji, a aika da makaniki. Labarin da attajirin da ke jira watanni, yanzu kafin a ɗaura rawani ya iso.